Yarinyar Gindin Tsamiya

Kwana biyar aka yi ana koya musu aikin a ɗakin taro na sakatariyar Safana, su ashirin da ɗaya, ƙarƙashin fanka guda mai juyawa in ta ga dama. Murja a layin gaba ta zauna duk kwanakin, domin ita ce baƙuwa a cikinsu. Watanta biyu ke nan da aka turo ta aikin lafiya daga Katsina, ba ta da wadda za su koma baya su yi ƙus-ƙus. Mai koyarwar, Hajiya Fatimatuzzahra, mace ce mai kirki, sai dai ta yarda da takarda yadda wasu suka yarda da laya. Ta nuna musu yadda ake durƙusawa daidai tsayin yaro kafin a yi masa magana, da yadda ake mirgina masa ƙwallo a ga ko zai bi ta da ido, da yadda ake naɗa ma'aunin dantse, wani siririn tef mai launi uku. Kore lafiya lau ke nan, rawaya a sa ido, ja kuwa tamowa ta ci jiki, a ɗauki yaro a nufi asibiti ko takalmi kada a tsaya nema.

Abu ɗaya ta fi nanatawa. "Kada wadda ta rubuta abin da ta zata," in ji ta. "Uwa za ki tambaya: yaranki nawa ne 'yan ƙasa da shekara biyar? Faɗa mini sunayensu. Abin da ta faɗa shi za ki rubuta, wanda kika rubuta shi za ki auna." Ta sa suka maimaita har sau uku kamar 'yan aji ɗaya. Wanda ya tsara takardar nan, ko wane ne shi, bai taɓa shan fura a tsakar gidan ƙauye ba, amma babu wadda ta lura a ranar, domin daidai lokacin aka shigo da shinkafa da kaza.

Aka ba kowacce jaka mai ɗauke da tef, da littafin sunaye, da ƙwallon roba, da 'yan katakon wasa. Murja aka ba ta Unguwar Sharhabilu, wani ɗan ƙauye can gaba da Tsaskiya, duk ranar Alhamis. Rabin mutanen wurin ba 'yan asalinsa ba ne, waɗanda suka baro garuruwansu na bakin daji ne saboda rashin kwanciyar hankali, suka raɓu da dangi. Malam Sada, wani dattijon ɗan acaba mai furfura a gemu, shi ke kai ta ya dawo da ita.

Damina ta yi nisa a lokacin. Gero ya fi mutum tsayi a hagu da dama, hanya ta zama kamar lungu, ba ka ganin komai sai ganye da sama. Abinci yana tsaye a gona bai nuna ba, rumbu kuma ya daɗe da yin fayau. A irin wannan watan ne yara ke ramewa alhali ko'ina kore shar.

A gindin wata tsamiya matan suka taru, don ita kaɗai ce inuwar da za ta ɗauke su duka. Murja ta lura a gefen inuwar suka shimfiɗa tabarmi, suka bar kusa da kututturen fili. Ba ta yi mamaki ba, kowa ya san abin da ake faɗa a kan tsamiya da tsakar rana. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da ruwa da mutanen Safana, sannan ta buɗe littafi ta fara yadda aka koya mata. Uwa ta matso ta faɗi sunaye, ita ta rubuta, ta auna. Yara talatin da ɗaya. Biyar rawaya, babu ja ko ɗaya. Ta ji daɗi har cikin ranta, ta ɗaga kai don ta miƙe wuya.

A nan ta gan ta.

Yarinya ce da ba za ta wuce shekara uku da 'yan watanni ba a ido, zaune tsakanin saiwoyin tsamiyar, cikin shuɗiyar riga da ta yi mata yawa. Kitsonta ya tsufa ya warware, gashin ya yi ja. Ta ɗora hannuwa a kan gwiwoyi irin zaman tsofaffi, tana kallon Murja, ko ƙiftawa ba ta yi. Babu yaro ko ɗaya kusa da ita. Wata mata ta zo wucewa da ƙwaryar ruwa, ta kewaye wurin ba tare da ta dubi ƙasa ba, kamar yadda ake kewaye rami.

Murja ta tsura mata ido, biro a hannu.

Shekara biyu da suka wuce zazzaɓi ya ɗauke mata 'yarta Jannat, tana da shekara uku da rabi. Bayan an share makoki Murja ta ci gaba da ganinta, wani lokaci a bakin ƙofar kicin, wani lokaci a bayan randa, tsaye kawai tana kallo. Wata rana gida cike da baƙi ta ce da wata ta matsa kada ta taka yarinya. Aka yi tsit. Ta ce, "Ba ku gan ta ba?" Mahaifiyarta ta ce, "Wa?" Abin da ya biyo baya ruƙiya ce ta kwana arba'in, da ƙwayoyin asibiti masu sa barci, da miji da ya mai da ita gidansu wai har ta samu sauƙi, bai kuma sake takowa ba. Duk wannan ta jure. Abin da ba ta manta ba shi ne irin kallon da aka yi mata a ɗakin nan, kuma ta yi wa kanta alkawarin bakinta ba zai ƙara yin wannan tambayar ba har ta mutu. Aikin nan shi ne abu na farko da aka damƙa mata tun daga lokacin.

To ga inda take. In yarinyar nan mutum ce, ba sai an naɗa tef ba, dantsenta kaɗai ya isa ya nuna mutuwa take yi a zaune. In kuwa ba mutum ba ce, ciwon ya dawo ke nan, kuma da ta buɗe baki labari zai riga ta isa Safana.

Ta sunkuyar da kai kan littafi ta yi wayo irin na matsoraci. "Babu sauran yaron da ban auna ba?"

Ungozomar unguwar, wata tsohuwa da kowa ke kira Inna, ta ce, "Waɗanda aka hwaɗa miki ai kin auna su, Malama." Wata matashiya mai goyo, Nana Hadiza, wadda ta ba da sunayen yara biyu, Umar Faruk da jaririnta Sadiq, ta dubi ƙasa tana murza bakin zanenta. Murja ta rufe littafi ta tafi gida.

Alhamis ta biyu yarinyar na nan a wurinta, cikin rigar nan dai, rigar ta ƙara yi mata yawa. Murja ta juya mata baya ta yi aikinta, tana jin idon a ƙeyarta kamar zafin rana. Da aka zo wasa ta mirgina wa yara ƙwallo, wani ya doke ta, ta gangara cikin filin da ba a zama, ta tsaya taƙi ɗaya da ƙafar yarinyar. Umar Faruk ya bi ta da gudu. Bai kai ba wata mata ta daka masa tsawa, ya ja birki ya dawo yana waiwaye. Ƙwallon ta zauna a can, ja ɗau a kan ƙasa, babu wanda ya je ɗauko ta, babu wanda ya ce uffan. Yarinyar ba ta dube ta ba. Kanta na karkace gefe, leɓunanta na motsi a hankali, kamar mai ba wa wani na kusa da ita labari.

Murja ta bar ƙwallon nan. Kayan gwamnati ne, an ce a kula da su, amma ƙafarta ta ƙi zuwa.

A hanya, cikin lungun gero, ta daure ta ce, "Malam Sada, tsamiyar can kuwa..."

"Malama, a bar zancen tsamiya da rana tsaka," in ji shi, bai waiwayo ba. Sai da suka yi tafiya mai nisa ya ƙara da kansa. "Wata tsohuwa ce ke zama gindinta tana saida daddawa, Hansai, Allah ya jiƙanta. Cikin 'yan gudun hijira take. Farkon damina ta rasu. Matan wurin na cewa ba ta ida tashi daga nan ba. Ni dai ban gani ba, kuma ban son gani."

Satin nan Murja ta ƙara yawan azkar, ta lalubo ragowar ƙwayoyinta a ƙasan akwati ta duba ko sun lalace, ta mayar. Abinci ya daina yi mata daɗi. Duk lomar da ta ɗauka sai ta tuna dantsen nan.

Alhamis ta uku ta tarar da ƙwallon a kan tabarmarta, daidai inda take zama, an wanke ta tas. Ta tambayi wanda ya ɗauko. Matan suka dubi juna, kowacce ta ce ba ita ba. Ta sa ta cikin jaka da yatsa biyu. A ranar yarinyar ta jingina da kututture, don zaman ya fara fin ƙarfinta, amma idon na nan a kan Murja. Ita kuwa ta auna yara talatin da ɗaya, ta yi wa iyaye bayanin kunun gyaɗa da zogale da murya mai daɗi, ta rubuta rahoto mai tsabta wanda Hajiya Fatimatuzzahra ta yaba a gaban kowa. Ba ta taɓa jin kunyar yabo irin ta ranar ba.

Alhamis ta huɗu hadari ya haɗu tun safe, gari ya yi duhu, iska ta tsaya cak. Ko tsuntsu ba ya kuka. Murja ta zauna, ta buɗe littafi, ta saci kallon gindin tsamiyar kamar yadda ta saba. Yarinyar ba ta kallonta. Kanta ya faɗi kan ƙirji, hannu ɗaya ya zame daga gwiwa yana kwance a ƙasa, tafin a buɗe.

Abin da ya ba Murja tsoro sati uku shi ne kallon. Yau da babu shi sai ta ji wani tsoron da ya fi wancan. Haka hannun Jannat ya kwanta a kan gadon asibiti, kuma a ranar babu abin da ba za ta bayar ba don wani ya zo da wuri. Ta ce a ranta, to, in aljana ce, yau za a auna aljana. In sun ga dama su ɗaure ni a kan babur su kai ni Katsina.

Ta ɗauki tef ta miƙe. Surutun mata ya ɗauke ɗif. Daga bakin tabarma zuwa kututturen bai fi taku goma sha biyu ba, ta taka tana jin idanu arba'in a bayanta, tana jiran wata ta ce, Malama, ina za ki? Ta durƙusa daidai tsayin yarinyar yadda aka koya mata. Ta yi bisimilla, ta miƙa hannu, tana tsammanin yatsunta su dafa saiwa.

Fata ta taɓa, mai zafi rau kamar an ɗauko ta daga bakin murhu.

Ta naɗa tef ɗin. Ya shige cikin ja, ya yi nisa a ciki. A bayanta wata ta saki wani irin sauti, kamar wadda ta daɗe tana riƙe numfashi. Murja ta juya. Nana Hadiza ce, ta toshe baki da bakin mayafi, hawaye na zuba.

"'Yar wace ce wannan?" Muryar Murja ta fita da ƙarfin da ba ta yi niyya ba. "Kuna ganinta? Duk kuna ganinta?"

"Mi zai hana mu ganin ta, Malama?" in ji Inna ungozoma. "Ɗiyar Nana ce."

"Nana yara biyu ta faɗa mini."

"Tau, ɗiyar fari ce. Ta yaya za ta kama sunanta a bainar jama'a, ga dangin miji zaune? Halan ku a birni kun bar wannan?"

Murja ta zauna daɓas a ƙasa. Ta san wannan sarai. Kakarta ta wajen uba har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan mahaifin Murja ba, sai dai ta ce wancan, ko mai gidan nan. Ba a ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, ba a yi masa wasa, ba a lissafa shi in ana lissafi, kaka ce ke riƙonsa. Yarinya ƙarama ma ta san haka. Kwana biyar na zama ƙarƙashin fanka, da tsoron da ta zo da shi daga Katsina, su suka taru suka mantar da ita abin da ta tashi a cikinsa.

Inna ta ci gaba, murya ƙasa-ƙasa. Hansai ce kakar, uwar uban yarinyar. Ita ta yaye ta, a bayanta ta baro garinsu, a nan gindin take zama da ita tana ba ta abinci a baki. Uban ya tafi kudu neman aiki. Tun da tsohuwar ta rasu yarinyar ta ƙi cin na kowa, kullum sai ta jawo jiki ta zo nan ta zauna tana magana ita kaɗai. "Aka ce tsohuwar ce ke kiran ta. Shi ya sa muke hana ɗiyanmu zuwa kusa, kada ta haɗa da su. Da muka ga kin dube ta kin ƙyale, muka ce likita ma ta gane ba ta asibiti ba ce."

Murja ta dubi Nana Hadiza. Ba ta kai shekara ashirin da biyu ba. Murja ta ɗauka za ta ji haushinta, sai ta ji babu.

"Nana, me ya sa ba ki ja ni gefe ba?"

Nana ta yi magana tana kallon ƙasa. "Ina ba ta a ɗaki in ba kowa, ba ta amsa. Ran da aka ce za ki zo, ni na wanke ta na sa mata rigar, na ce ta zauna ta wannan ɓarin inda za ki gan ta. Na ce in kin gan ta za ki tambaya, in kin tambaya Inna ta hwaɗa. Duk Alhamis haka nake yi. Ƙwallon ma ni na ɗauko na aje miki, na ce ko za ki tuna inda ta tsaya." Ta share fuska. "Kina dubanta, Malama. Ina ganin ki kina dubanta."

Murja ta miƙe. Ta aika a kira Malam Sada daga majalisar maza, ta cicciɓi yarinyar, ba ta fi nauyin ƙwaryar gari ba. Tana neman yadda za ta riƙe ta a kan babur sai ta ga Nana ta kwance goyonta, ta miƙa wa Inna jaririn, ta juya baya ta sunkuya. Murja ta ɗora mata ita. Nana ta ja zanen goyon ta ɗaure da kyau, a gaban surukai da kowa. Matan suka kau da kai, wata ta shiga gyaran ɗankwali, wata ta kama faɗa da ɗanta ba gaira ba dalili, don dai kada su ƙara mata nauyi.

Ruwa ya same su kafin Tsaskiya. Malam Sada bai tsaya ba, Murja na can baya ta buɗe mayafinta a kan goyon, tana jin zafin jikin yarinyar a ƙirjinta, tana addu'ar kada ya huce.

A ɗakin masu tamowa na asibiti aka kwantar da ita, aka sa mata ruwa, wata nas ta dama madara ta kawo da cokali. Yarinyar ta datse baki, ido a rufe. Nas ɗin ta jawo kati ta cire murfin biro.

"Wace ce uwar? Sunan yarinya?"

Nana na tsaye a ƙarshen gadon, jiƙe sharkaf. Murja ta buɗe baki don ta rufa mata asiri, sai ta tuna ita ma ba ta san sunan ba. Alhamis huɗu tana kallon yarinya, ta ɗauko ta tun daga Unguwar Sharhabilu, ba ta tambaya ba.

"Baiwar Allah, ina da marasa lafiya," in ji nas.

Nana ta ɗaga kai. Sunan ya fito a shaƙe, kamar abin da ya daɗe a ajiye. "Sadiqa."

Yarinyar ta buɗe ido. Ba uwarta ta duba ba, ƙofa ta duba, ta kafa mata ido tana ƙoƙarin ɗaga kai, domin mutum ɗaya ce a duniya ke kiran ta da wannan sunan. Murja ma ta dubi ƙofar. Labule ne kawai, jiƙaƙƙe, yana motsi kaɗan.

Nana ta zagayo ta tsaya tsakanin gadon da ƙofar. Ta karɓi kofin daga hannun nas, ta durƙusa har fuskarta ta yi daidai da ta yarinyar.

"Sadiqa," ta sake cewa, wannan karon da ƙarfi. "Ni ce. Dube ni nan."

Yarinyar ta daɗe tana kallon bakin da sunan ya fito. Sannan ta buɗe nata, Nana ta sa mata cokalin.